Wanda Ya Sace Hankalin Madugu

Ranar Litinin ɗin da aka koma aiki bayan ƙaramar Sallah ta 1988, aka wayi gari an yi sata a wani kamfanin gurzar auduga da ke kan hanyar Malumfashi, in ka fita daga Funtua. Sai dai sata ce irin wadda ba mu taɓa ji ba. Ƙofa a kulle, kwaɗo lafiya lau, ko ƙusa ɗaya ba a rasa ba. Amma da aka danna maɓalli, injinan gurza goma sha biyu suka yi gum kamar ba da su ake ba.

Abin da aka sace shi ne hankalin Madugu. Madugu ba mutum ba ne, leburori ne suka laƙaba wa wani akwatin ƙarfe sunan, saboda shi ke cewa wane inji zai tashi, wane zai jira. A cikin akwatin akwai wani allo kore, a kan allon ƙwayoyi huɗu baƙaƙe masu ƙafafu da yawa, a cikin ƙwayoyin kuma akwai tsarin da ke tafiyar da komai. Wani kamfanin ƙasar waje ne ya rubuta tsarin yake sayarwa, kowane da lambarsa, ba a kwafa, ba a ba da aro. Yanzu ga ƙwayoyin nan a wurinsu, amma cikinsu wayam.

Injiniyan da aka kira daga Kaduna bai yi awa biyu ba ya yanke hukunci. Ya ce kowace ƙwaya tana da ƴar tagar gilashi a bayanta wadda aka liƙe da takarda, kuma an ɓare takardun an mayar. Ya ce da wata fitila ta musamman ake goge abin da ke ciki, don haka aikin gwani ne. Gwani kuwa ɗaya ne a kamfanin, kuma makullin ɗakin a aljihunsa yake. Kafin azahar Habila, ma'aikacin da ke kula da Madugu, yana bayan kanta a ofishin ƴan sanda, an ce ranar Juma'a za a kai shi kotu.

Mu mutanen gari, ka san mu da magana. Wasu suka ce ya sayar wa ƴan Legas ne, wasu suka ce aljanu ne suka ji haushin ƙarar injin. Wasu ma suka fara jan zancen zuwa inda bai kamata ba, suna tuna wa juna cewa ai a coci yake ibada, kamar jiya suka sani. Ga kuma audugar manoma tari guda a fili, hadari yana haɗuwa kullum da yamma, kowa ransa a ɓace.

Manajan kamfanin, Alhaji Abdussamad, kansa ya kulle. Shekara huɗu yana aiki da Habila bai taɓa kama shi da ko allura ba. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya aika a kira Malam Mudi mai bin sawu.

*

Malam Mudi dattijo ne ɗan asalin Matazu, siriri, mai ƙarancin magana, wanda ya ƙare rayuwarsa yana bin sawun shanun sata. Ya iso ranar Talata da safe da sandarsa, ya tsaya a ƙofar ɗakin Madugu yana kallon ƙasa. Saje Abubakar, ɗan sandan da ke riƙe da shari'ar, yana gefe yana murmushin raini.

"Alhaji," in ji Malam Mudi, "abin da aka sacen nan, yana da ƙafa?"

"Ba shi da ƙafa, Malam."

"Ana ɗaukarsa a ka, ko a aljihu?"

"Ba a ɗaukarsa. Ko ganinsa ma ba a yi."

Malam Mudi ya cire hularsa ya sosa kai. "To ni sawun me aka kira ni in bi?"

Saje ya ƙyalƙyale da dariya. Gaskiya ni ma da ina wurin da na dara, don dattijon ya yi kama da wanda aka aika kasuwa ya manta saƙo. Ƙasan ɗakin siminti ne, mutum arba'in sun taka shi tun jiya, kuma an share shi tas. Mai sharar ma tana bakin ƙofa da tsintsiyarta, wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo Inno, wadda ke zaune a ɗakunan leburori na bayan kamfani.

"Gwaggo, kin share min aikina," in ji Malam Mudi.

"Yo Malam, in ban share ba ƙurar auduga ta shaƙe shi," ta ce, ta nuna akwatin da haɓa. "Wanda ya cuci bawan Allahn nan, ya ja aka kulle min yaro, Allah ya tona masa asiri ido biyu. Habila fa? Ko ruwan randa ba ya sha sai ya tambaya."

Malam Mudi ya ce amin, ya zaga ɗakin sau biyu. Abin da kawai ya gani shi ne wani zanen tsatsa da ya gangaro daga saman akwatin, da wata ƴar ɓula a kwanon rufi. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon ɓular, sannan ya fita.

*

Duk wanda ya tambaya suna ɗaya yake ba shi: Ɗanjuma. Shi ne foman na da, wanda ke tafiyar da injinan da hannu kafin a kawo Madugu a mayar da shi kula da ɗaurin auduga. An ji shi da kunne yana cewa wata rana sai ya ga bayan akwatin nan.

Malam Mudi ya same shi a gindin wata ɗorawa yana gyaran igiya.

"Na faɗa, kuma in ka ba ni dama yanzu sai in sake faɗa," in ji Ɗanjuma. "Shekara ashirin ina jin muryar injinan nan, da kunne nake gane wanda zai yi ciwo. Aka kawo ƙarfe aka ce ya fi ni. Amma Malam, dubi hannuna. In ni ne, guduma zan sa, gari duka ya ji ƙara. Ɓare takarda a mayar? Wannan aikin mai lallaɓa ne."

"Ina ka yi Sallah?"

"A Malumfashi, gidan surukaina. Kwana goma aka rufe kamfani, kwana goma na yi. Je ka tambaya, naman da na ci musu har yanzu suna mita."

Malam Mudi ya dubi yatsun nan masu kauri kamar rogo, ya yarda a ransa. Ya miƙe ke nan Ɗanjuma ya ƙara da cewa, "Ka san al'adarmu a nan. Da Sallah Kirista ke tsaron aiki, da Kirsimeti mu ke yi musu. Habila ne aka bar wa ɗakin, kullum da safe ya buɗe ya duba. Ban ce shi ne ba fa. Na dai ce shi aka bar wa."

*

Habila matashi ne dogo, mai sanyin murya, idonsa ya faɗa saboda rashin barci. Malam Mudi ya same shi a ofishin ƴan sanda, ya zauna a kan benci ta wajen kanta.

"Yaro, ka fahimtar da ni abin nan, kaina ya ɗaure. Mene ne aka sace?"

Fuskar Habila ta ɗan saki, don an taɓo abin da yake so. "Baba, ka ga mace mai tukwane shida a wuta? Miya tana so a juya, tuwo yana so a tuƙa, ga jariri yana rarrafe wajen murhu. Duka suna kiranta lokaci ɗaya, amma ta san wanda za ta fara kamawa, kuma ba ta makara. To haka tsarin nan yake. Wurare arba'in yake saurare. In tartsatsi ya tashi cikin auduga, sai ya ajiye komai ya tsayar da injina kafin ka ƙifta ido. In ya amsa daidai amma ya makara, daidai yake da bai amsa ba, don wuta ta riga ta kama."

"Wannan sanin ne aka kwashe?"

"Shi ne, Baba. Sabo kuma sai an aiko daga waje, sati shida in an yi sa'a."

"Makullin fa? Wa ka taɓa bai wa?"

Habila ya sunkuyar da kai. "Ba kowa. Bai taɓa barin aljihuna ba."

"Kwana goman nan kana gari?"

"Ina gari."

Malam Mudi ya yi shekara arba'in yana jin ƙaryar ɓarayin shanu, ya san kalarta. Wannan ma ƙarya ce, amma wata iri, irin wadda ke ƙara nutsar da mai yin ta. Ya fito yana magana shi kaɗai, har Saje ya tambaye shi ko lafiya. Saje dai ya riga ya gama nasa binciken, ya ce an ga Habila a rumfar wani mai gyaran rediyo a kasuwa, to can ya sayar. Malam Mudi ya je rumfar don kada a ce bai je ba. Ya tarar da mutumin ko ƙwayar bai taɓa gani ba, batir kawai Habila ya saya.

*

Ranar Laraba Malam Mudi ya nufi gidan Habila a unguwar ma'aikata. Bai yi sallama ba sai da ya tsuguna a gaban babur ɗin da ke jingine a zaure. Ya kankare laka daga ƙarƙashin murfin taya, ya murje ta a tafinsa, ya sansana. Sannan ya yi sallama, matar gidan, Liatu, ta fito da goyo.

"Sannu da gida. Yaushe maigidanki ya dawo daga Mahuta?"

Liatu ta dafe ƙirji. "Wa ya gaya maka, Baba?"

"Babur ɗinsa. Jar lakar nan mai danƙo ba ta cikin Funtua, ta hanyar Dandume ce, wajen Mahuta. Kuma hawa biyu ce, ta ƙasa ta bushe tun ruwan farko, ta sama sabuwa. Ya tafi da wuri, ya dawo a makare."

Sai ta fashe da kuka. Ta ce washegarin rufe kamfani aka aiko mahaifinsa yana kan gargara, ya tafi ya yi kwana takwas, a hannunsa tsohon ya cika. Ta ce ƙauyen gaba ɗaya za su yi shaida. "Amma ya rantsar da ni kada in faɗa. Na ce Habila, kurkuku fa za a kai ka. Ya ce in yi shiru, shi ya san dalili. Baba, ni na rasa gane kansa."

"Makullin fa, da shi ya tafi?"

"Ban sani ba, wallahi."

Malam Mudi ya fito ya fi shiga rikicewa. Ga mutum yana da shaidar da za ta fitar da shi yau ɗin nan, ya zauna a kanta ya ƙi tashi. Ga ɓarawo gwani mai fitilar da babu irinta a Funtua. Ga abin sata da ba shi da nauyi. Ya gaya wa Alhaji Abdussamad da bakinsa cewa tun da yake bai taɓa jin kansa wawa irin na wannan makon ba.

*

Ranar Alhamis da hantsi ya koma ɗakin Madugu, ya ce a bar shi shi kaɗai, kada a yi shara. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, don ya gaji, ba don wata dabara ba. Yana nan zaune har rana ta take, sai ya lura da wani siririn zare yana motsi a gindin bango.

Kiyashi ne, a jere, suna tafiya da niyya.

Ya bi su da ido, daga baya ya bi su da rarrafe, dattijo mai jikoki. Sun fito daga tsagar siminti, sun hau ƙafar akwatin, sun shige ta ramin iska. Ya kira Alhaji ya buɗe. Layin kiyashin ya ratsa koren allon, ya rabu gida huɗu, kowane ya nufi takardar da ke bayan ƙwaya ɗaya.

"Alhaji, kiyashi yana cin ƙarfe?"

"Ina fa."

"Yana cin gam ɗin Turawa?"

"Ban taɓa gani ba."

Malam Mudi ya sa farce ya ɗaga gefen takarda ɗaya, ya kankaro wani farin abu busasshe, ya ɗora a harshe. Ya daɗe yana tauna, Alhaji yana kallonsa baki buɗe.

"Tuwon dawa," ya ce. "Da tuwon dawa aka liƙe su."

Ya leƙa ƴar tagar gilashin da ke ƙarƙashin takardar. Can ciki wani ɗan abu yana sheƙi, ƙarami, zagaye da siraran wayoyi. Ya karkata kai hagu da dama, sheƙin yana bin sa. Sai ya sake ɗaga kai ya dubi ɓular rufin, ya dubi zanen tsatsar, zancen ya fara haɗuwa a kansa.

Ya koma ofishin ƴan sanda bai ko tsaya cin abinci ba.

"Habila, gwani mai gam a aljihun teburinsa ba ya liƙi da tuwo. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ban da fitilar nan, rana tana iya goge shi?"

Habila ya kawar da kai. "In an buɗe tagar," ya ce a hankali, "aka bar shi a rana irin ta yanzu kamar mako guda, tana iya wa." Sai ya kama ƙarfen kanta da hannu biyu. "Baba, don girman Allah. Ni na ba ta makulli, na ce ta share kawai. Ban san me ya faru ba, amma na san in na faɗa ita za a kama. Ba ta da kowa, ɗakin da take kwana ma na kamfani ne. Ni matashi ne, zan iya jurewa."

"Ba zan kira sunan kowa ba," in ji Malam Mudi. "Amma ba zan bari ka shiga kurkuku kana da goyo a gida ba. Yadda zan haɗa biyun nan kuwa, ni ma ban sani ba."

*

Ranar Juma'a da safe, kafin lokacin kotu, ya roƙi a tara mutane a rumfar ɗaurin auduga. Alhaji Abdussamad yana kan kujera, Saje ya kawo Habila da ankwa a hannu, Ɗanjuma ya harɗe hannu a ƙirji, Liatu tana rakuɓe a gefe. Leburori sun cika bakin rumfa. Gwaggo Inno ta kawo wa Habila kunu a kwano kamar yadda take kai masa kullum tun da aka kama shi, Malam Mudi ya ce ta zauna ta huta.

"Ban kama ɓarawo ba," ya fara. Saje ya yi tsaki ya duba agogo. "Abin da na sani kaɗan ne. Habila ba ya gari, yana Mahuta wajen rasuwar mahaifinsa." Rumfa ta ɗauki hayaniya, ya ɗaga sanda. "Ɗanjuma yana Malumfashi. Ranar da aka yi ruwan farko, rufin ɗakin ya yi yoyo a kan akwatin, allon ya jiƙe sharkaf. Wani mai tausayi ya shiga ya gani. Ni dai wannan mai tausayin nake so in yi wa godiya."

"A'a, wannan kam ai ni ce," in ji Gwaggo Inno, tana gyara ɗaurin ɗankwali. "Ba sai an yi godiya ba."

"Gwaggo, yi shiru!" Habila ya ɗaga murya, abin da ba a taɓa ji ya yi ba.

"Kai ka yi shiru, yaro, ai abin alheri ne. Ban faɗa ba ne don ka ce kada in taɓa, na ji tsoron faɗanka." Ta juya wajen Alhaji, fuskarta a sake. "Alhaji, na shiga da safe na tarar ruwa yana ɗiga daga cikinsa. Na ce wayyo, yaron nan yana can kan ubansa, ya dawo a ce ya bar kaya sun lalace. Na sha ganin yadda yake zare allon ya hure ƙura, sai na zare a hankali, na ɗora a faifai, na kai kan rufin ɗakina inda nake shanya kuɓewa. Takardun nan sun jiƙe, na ɓare su na shanya daban. To da na leƙa ƴan tagogin, sai na ga ɗigon ruwa ya shige ciki yana ƙyalli. Kullum in fitar da hantsi, in shigar da la'asar. Kwana bakwai, Alhaji, tun da azumi a bakina har Sallah ta wuce, ɗigon nan ya ƙi bushewa. Da na ga yaro zai dawo, na haƙura na liƙe da ɗan tuwo na mayar yadda yake. Ko kaza ban bari ta matso kusa ba."

Babu wanda ya yi motsi. Ta dubi fuskoki ɗaya bayan ɗaya tana jiran a ce sannu, ba wanda ya ce.

"Me ya faru? Me na faɗa?"

Malam Mudi ya dubi ƙasa. Habila ne ya matso da ankwarsa ya durƙusa a gabanta.

"Gwaggo, ba ruwa ba ne. Abin da kika ga yana ƙyalli, shi ne Madugun kansa. Takardar nan rana take tare masa."

Ta daɗe tana kallonsa. "Ni ce ɓarawon?" ta ce. "Ni da nake tsinuwa safe da yamma? Ni na sa aka kulle ka, ina kai maka kunu?"

Ta miƙe da ƙyar, ta taka har gaban Saje, ta miƙa masa hannayenta biyu a haɗe. "Cire masa ka sa min."

Saje Abubakar, mai bakin nan, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya buɗe ankwar Habila, ya riƙe ta a hannu tana lilo. "Alhaji, ni wa zan kai kotu? Me zan ce wa alƙali, shanya?"

"Ka kai rufin," in ji Ɗanjuma daga baya. "Sau uku yaron nan yana cewa a toshe ɓular, a gabana."

Alhaji Abdussamad ya share gumi, bai musa ba. Ya ce maganar kotu ta mutu, shi zai je ya janye. Amma ya ce masu kamfani suna jiran takarda daga gare shi yau, kuma ba za su karɓi takardar da ba suna a ciki ba. Dole wani ya bar aiki.

"Rubuta nawa, Alhaji," in ji Habila. "Ni aka ba makulli, ni na bayar. Gaskiya ce, ba sai an ƙara komai ba."

Liatu ta buɗe baki, ta dubi tsohuwar, ta rufe. Alhaji ya daɗe yana juya biro a hannu, sannan ya rubuta.

*

Da la'asar Habila ya fito daga ofis da ƴan kayan aikinsa a jaka. A bayansa an ji injin farko ya tashi da tari, Ɗanjuma yana daka wa leburori tsawa, an koma aikin hannu kafin sabon tsari ya iso. Malam Mudi yana zaune a bakin ƙofar kamfani yana jiran mota, ransa ba daɗi, don ya fitar da mutum daga kurkuku ya kuma fitar da shi daga aiki a rana ɗaya.

Gwaggo Inno tana tsaye a jikin katanga tun azahar. Da Habila ya matso ta juya fuska ga bango.

"Gwaggo, ba za ki yi min sallama ba?"

"Da wane ido zan dube ka?"

Ya ajiye jakar. "Wallahi Gwaggo, ranar da na fara leƙa tagar nan a makaranta, ni ma ruwa na ɗauka. Da ba a gaya min ba, da ni ma na shanya."

Ta juyo, hawaye yana bin tamojin fuskarta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ƙarya kake, Habila," ta ce. "Amma Allah ya yi maka albarka."

Ya ce amin. Ta sunkuya ta ɗauki jakar ta ɗora a kanta, ya yi ya yi ta ba shi ta ƙi, haka ta raka shi har gida.